Rabin Kunnen Baba Ilu

Na san abin da kuka ji a gari game da shekarar da na rufe rumfata ta tasha. Wasu sun ce muku malamai ne suka yi mini wa'azi a kan yin mutum-mutumi, na tsorata, na shiga daji ina tuba. Wasu sun ce wani ɗan kasuwar Damagaram ne ya cuce ni har kaina ya taɓu, nake bin kasuwanni da jaka ina gyara kayan mutane kyauta. Ba ko ɗaya daga ciki. Babu malamin da ya tare ni, kuma hankalina yana nan inda Allah ya ajiye shi. Tun da na samu na koyi riƙe alƙalami bayan furfura ta fito mini, gara in rubuta muku da hannuna, ku daina tsintar labarin ubanku a teburin mai shayi.

Sana'ata ta fari ɗinkin kujerar moto ce, wato babur, a bakin tashar Tanut. Ɗan kabu-kabu ya zo da kujera ta lotse, in ɓare ledar, in yanka sabon soso, in daidaita shi da reza, in ja leda a kai in ɗaure. Guntayen da suka rage sai in tara a buhu, don ban iya zubar da abu ba. Wata rana ma'aikatan dabbobi, masu zagaya rijiyoyi suna kiran makiyaya su kawo bisashe allura, suka tsaya da motarsu a gabana. Suna da wani mutum-mutumi da ake sa wa hannu ta ƙasa yana magana, bakinsa ya saki yana reto. Su suna ce masa mariyonet, mutanen tasha kuwa suka ce ɗan soso, kuma sunan da ya zauna ke nan har yau. Suka tambaye ni ko zan iya gyarawa, na ce su bar mini shi zuwa la'asar. Da na farke shi sai na ga babu wani sihiri a ciki. Soso ne aka yanka falle-falle kamar ɓawon lemo, aka haɗa baki da baki har ya zama kai, bakin kuwa kwali ne aka ninke biyu. Na cire kwalin na sa tafin tsohon silifa, wanda gumin hannu ba ya jiƙa shi. Amma kafin in rufe, na ɗora kowane falle a kan takardar buhun siminti, na zagaye shi da gawayi. Ku riƙe wannan, domin ni ma da kwaikwayo na fara. Takardar nan ita muke kira ma'auni, kuma wanda ya riƙe ma'auni ya riƙe fuskar.

Daga nan na shiga yin nawa. Ido da cokalin roba, gemu da gashin bunsuru, sandar hannu da wayar ƙafar keke. Na gano abu guda wanda masu yin na farko ba su sani ba, saboda ba a Damargu suka yi shi ba: gam ba ya jure bazararmu. Rana ta take, sai ya yi laushi, kai ya rabu biyu kamar an fasa kankana. Don haka duk inda na shafa gam sai in bi shi da zaren dukawa, ɗinki ƙanana, in ɓoye su a ciki. Malaman lakwal, wato makarantar boko, suka fara zuwa, masu aikin gidan likita suka fara zuwa. Na yi musu manomi, na yi tsohuwa mai faɗa, na yi kura da bunsuru. Duk cikinsu babu mai kama da kowa, kuma babu wanda ya taɓa jawo mini magana.

Baba Ilu kun san shi, amma ba ku san yadda muka tashi ba. Ubansa, Kawu Mamman, wan Inna ne, ciki ɗaya. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, taubasai ke nan, kuma a al'adarmu ni bawansa ne. Tun muna kiwon awaki bai taɓa kiran sunana ba. Daga bawa sai mai warin gam. Ni kuma ina ce masa Rabin Kunne, domin muna samari wani amalen raƙumi ya kama shi a kunnen hagu ya tafi da saman. Idan na je gidansa yakan ɓoye mini takalma, idan ya zo nawa nakan zuba masa gishiri a shayi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ilu dillali ne a kasuwar raƙuma ta Belbeji. Ya gaji turken daga Kawu, tare da gidajen makiyaya da suke sauka wurinsu tun kafin a haife mu. Ku fahimci wannan aikin da kyau. Makiyayi ya taso daga can bayan Tanhiya, kwana da kwanaki, bai san mai saye ba, bai san yadda kasuwa ta kwana ba. Sai ya miƙa wa dillalinsa igiya, ya koma inuwa ya hura gawayin shayi. Abin da dillali ya ce an sayar, shi aka sayar. Babu takarda, babu shaida. Igiya ce kawai da suna. Ranar da sunan ya faɗi, igiyar ma ba ta ƙara zuwa.

Da aka yi wa Ilu haihuwar ƴarsa ta uku, na ce a raina a sunan nan sai na rama takalmana. Mako guda na yi ina ɗinka ɗan soso mai kama da shi. Na rina gemun da lalle kamar nasa, na ɗinka jar hula na karkata ta, na sa hannun ya iya dafa ƙirji yadda Ilu yake yi idan zai ce wa mai saye amana. Kunnen hagu kuwa ban jira sai na gama in yanke ba. A kan takardar ma'auni na zana shi rabi, don ya fito daidai. Ranar suna da hantsi, bayan an yi addu'a an ci abinci, na tsuguna bayan wani zane a zaure na ɗaga shi. Ɗan soson ya dafa ƙirji ya shiga tallar raƙumi makaho, yana cewa ba makanta ba ce, kunya gare shi, ba ya son haɗa ido da manya. Ya kawo wani tsoho marar haƙori ko ɗaya, ya ce haƙoran ya bar su gida ne saboda nauyin tafiya. Ilu ya yi dariya har ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Da ya tashi ya juye mini ƙwaryar fura a ka, kuma ranar ma ba takalmi na koma tasha. Duk wanda yake zauren nan ya san abu biyu: ya san Ilu bai taɓa cin amanar kowa ba, ya kuma san ni wane ne a wurinsa. Ban lura ba a lokacin cewa waɗannan abubuwa biyu su ne suka sa abin ya zama wasa. Na ɗauka gwanintata ce.

Na rataye shi a rumfa. Akwai wani Nuhu, ɗan kasuwar Damagaram, mai kawo mana soso da leda. Ya gan shi ya ce in nuna masa yadda yake magana, na nuna masa, har da raƙumi mai kunya. Ya ce in sayar masa, na ce wannan na gida ne. Zuwansa na gaba ya ce to in yi masa wani irinsa, akwai masu so a birni. Na auna a raina, na ga Damagaram da nisa, wa ya san Ilu a can? Na fito da ma'aunin na fara yanka a tsakar gida. Uwarku tana tankaɗe, ta dubi kunnen da ke hannuna.

"Baban Zara, ka faɗa wa Yaya Ilu?"

"Tun yaushe ake neman izinin taubashi kafin a tsokane shi?"

"Kai ne taubashinsa. Nuhun nan fa, mene ne nasa?"

Na yi dariya na ce ta ji da garinta. A ranar na ɗauka ni na ci gardamar.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Na je kasuwar Gangara neman gashin bunsuru, sai na ji lasifika da dariya, mutane sun yi da'ira. Na leƙa. Wani mai tallar maganin basir ne, ya kafa zane, a saman zanen ga jar hula a karkace, ga gemu mai lalle, ga kunnen hagu rabi. Ba ɗinkina ba ne, daga nesa na gane, hancin ya goce, idon ɗaya ya fi ɗaya. Amma kunnen daidai yake, ko tsinke bai rage ba. Kuma ba raƙumi mai kunya yake talla ba. Yana rantsuwa da Allah a kan ƙarya, yana cusa rabin kuɗin makiyayi a hula, yana cewa ƙauyawa ba su iya ƙirga ba. Wani mai rawani da ke tsaye kusa da ni ya taɓa ɗan'uwansa ya ce, ai wannan na Belbeji ne. Ba su yi dariya ba. Suka tsaya suka gani har ƙarshe, suka tafi. Daga baya na ji yadda aka yi. Nuhu ya kai wanda na yi masa wurin teloli, suka farke shi falle-falle, suka zana nasu ma'aunin, yadda na yi wa na ma'aikatan dabbobi. Ba su san dalilin kunnen ba, sun ɗauka haka ake yinsa, suka kwafe shi da aminci. Masu tallar magani da masu tallar sabulu suka saya don tara jama'a, kuma duk mai talla arewa yake nufa bayan girbi, inda makiyaya suke da kuɗi a hannu. Samari suka ɗauka a waya suna tura wa juna.

Ranar kasuwar Belbeji na hau mota na tafi. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma. Na tarar da Ilu zaune a turkensa, babu raƙumi ko ɗaya a ɗaure, alhali kasuwa ta cika. Da ya hango ni sai ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya ba ni hannu biyu.

"Malam Mutari, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina iyali? Ina wajen Inna?"

Shekaruna sun haura talatin a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya kai ni gida, ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kwanon baƙi. Na fara magana, ya ce babu komai, ai wasa ne, in ci abinci. Da na fito takalmana suna nan inda na ajiye su, an ma daidaita mini su. A soro matarsa A'i ta tsayar da ni ta faɗa mini sauran. Gidaje sun fara ɗaure raƙumansu a turken wasu. Har gidan tsoho Agali, wanda tun zamanin Kawu a wurinsu yake sauka, kuma abin da ya yi shi sauran suke yi. Ba su yi faɗa ba, ba su zargi kowa ba. Abin da Agali ya ce kawai shi ne, babu wanda zai zauna ya ɗinka mutum da gemunsa da kunnensa a kan ƙarya, mutanen gari sun san wani abu da su mutanen daji ba su sani ba.

Na wuce Damagaram wurin Nuhu. Bai ɓoye mini komai ba, don bai ga laifin da ya yi ba. Ya ce bai san adadin da aka yi ba, teloli uku ne suke yi, kuma wasu sun kwafa daga nasu.

"Soso ne fa, Mutari," in ji shi. "Soso ba shi da dangi. Ka zo mu haɗa hannu, kai ka riƙa yin masu kyau, ka ga yadda za ka gina gida."

Na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ke shagonsa na juya cikinsa. Gam kawai, babu ɗinki ko ɗaya. Bakin kwali ne. Soson kuma irin mai arha ne, wanda yake marmashewa. Na ajiye masa kayansa na yi sallama. A mota ina ta tunani guda: bazara tana zuwa, kuma daga Tanut har iyakar inda mota take zuwa, ni kaɗai na iya gyaran ɗan soso.

Da na dawo gida na tarar labari ya riga ni. Inna, Allah ya jiƙanta, ta juya mini baya a kan tabarmar sallarta. Ta ce ɗan wanta na ɓata, turken ubansa na tone, kada in ƙara kawo mata gaisuwar safe sai na gyara abin da na yi. Na faɗa wa uwarku shawarar da na yanke. Ta ce in duba mata kaskon ƙosai a bayan rumbu, in kuma sayo mata wake kafin in tafi. Ba ta taɓa tuna mini maganar da ta yi a tsakar gida ba, ko sau ɗaya, har yau. Ku da kuke manya kun tuna shekarar, lokacin da kuke tashi da warin mai a tufafinku, lokacin da Sallah ta zo ba a yi muku ɗinki ba. Rumfar tasha kuwa ba ta jira ni ba, wani ya zauna a wurin, kuma ƴan kabu-kabu ba sa jiran mutum da kujera a lotse.

Na ɗauki jaka, da reza, da zaren dukawa, da silifa tsofaffi, da buhun guntayen soso, na fara bin kasuwanni. Zafi ya sauka, kuma abin da na zata ya faru. Kowace kasuwa sai in tarar da mai talla yana riƙe da ɗan sosonsa, muƙamuƙi ya faɗi ko ƙeya ta buɗe. In yi sallama, in ce ni mai gyara ne, kuma ba na karɓar komai. In zauna a inuwar motarsa in sa masa bakin silifa, in bi kan da ɗinki. Sannan in ce, af, kunnen ma ya yage, bari in cike shi. In yanka cikakken kunne in ɗinka. In ce gemun ya koɗe, in aske shi in sa fari na auduga, ko in bar haɓar haka. Hular in musanya ta da wata. Kafin azahar mutumin ya karɓi ɗan sosonsa ya fi da ƙarfi, kuma bai yi kama da kowa ba. Yawancinsu ba su damu ba, su dai bakin ya motsa. Rabin kunnuwan da na cire ina zuba su a aljihun jaka, ban san dalili ba, ban dai iya jefar da su a kasuwa ba.

Mai maganin basir na Gangara ne kaɗai ya gane ni. Ya ce ya ji labarina, kada in taɓa masa kunne, kunnen nan shi ne abincinsa, don a nan arewa shi mutane suke zuwa gani. Ban yi gardama da shi ba. Na shimfiɗa buhuna kusa da motarsa na zauna. Kasuwa ta gaba ma na zo na zauna. Yana tallarsa, ina gyara takalman mutane. A kasuwa ta uku, rana tana tsaka, yana cikin rantsuwar ƙarya, kan ya rabu biyu a hannunsa, ido ɗaya ya faɗo cikin kwalaben magani. Jama'a suka yi dariyar da bai nema ba suka watse. Shi da kansa ya kawo mini. Na ce masa gyara yana nan, amma da kunne biyu zai tafi. Ya zage ni, ya zagi sana'ata, ya miƙo.

Kafin hadarin farko na daina ganin rabin kunne a kasuwanninmu. Na koma Belbeji da ƙarfin gwiwa. Turken Ilu yana nan wayam, kuma ya sake tashi tsaye ya gaishe ni da hannu biyu. A nan na gane cewa wata huɗu na yi ina ɗinke soso, amma abin da mutane suka riga suka gani ba a soso yake ba. Na tambayi inda gidan Agali suke shayarwa, aka kwatanta mini wata rijiya gabas da Tanhiya. Na bi motar gishiri, na ƙarasa da ƙafa. Na sami Agali da hantsi a gindin wata ƙaya, tsoho siriri, rawani ya rufe masa baki, yana kallon jakuna suna jan guga. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da muka sha shayi kofi uku. Sannan na faɗa masa ni ne na ɗinka dillalin nan na farko, da hannuna, kuma duk sauran daga nawa aka kwafa. Ya tambaye ni me Ilu ya ci mini. Na ce bai ci mini komai ba, ɗan kawuna ne.

"Uwarka da ubansa?"

"Ciki ɗaya, Baba."

Ya sauke rawanin daga bakinsa kaɗan, ya dube ni. Ya ce su ma suna da irin wannan, akwai wani ɗan gwaggonsa da ya taɓa aske masa rabin gemu yana barci, kuma da mutumin ya mutu shi ya fi kowa kuka. Ya ce da an faɗa musu tun farko wasan taubasai ne, da ba a kai nan ba, amma su a hannun baƙo suka gani, kuma baƙo ba ya wasa da mutum. Na yi murna, na ɗauka an gama. Sai ya ɗaga hannu.

"Bakinka ne ya faɗa, kuma kowa yana iya cewa shi ɗan'uwan wani ne. Ka zo kasuwa da abin naka, ka yi a gabansa, muna zaune. Idan ya rama, wasa ne. Idan ya yi shiru, to ka taɓa gaskiya."

Ban aika wa Ilu ba. Na yi tunanin aikawa, sai na ga idan aka shirya, tsohon nan zai gane, don mutumin da ya iya karanta sawun raƙumi a kan yashi ba za a yi masa dariyar haya ba. Ranar kasuwa na fito da na farkon daga akwatin uwarku. Agali da mutanensa suka zauna a inuwa, dillalai suka matso, masu saye suka bar ciniki. Ilu yana zaune a turkensa. Ban kafa zane ba, na tsaya a fili don kowa ya ga fuskata da hannuna. Na ce ni ne Mutari ɗan Hauwa, ƙanwar Mamman dillali, wannan na zaune ɗan kawuna ne, ni na ɗinka abin nan ranar sunan ƴarsa, ni kuma na sayar da irinsa ga wanda ba ruwansa da mu. Sannan na ɗaga shi. Na yi raƙumi mai kunya. Ba wanda ya yi dariya, duk ido yana kan Ilu, shi kuwa yana kallon ƙasa yana wasa da tsinke. Na yi tsoho marar haƙori. Shiru. Gumi ya cika mini hannu a cikin soson. Magana ta ƙare mini, na tsaya da bakin ɗan soso a buɗe. Sai Ilu ya jefar da tsinken, ya tashi, ya kakkaɓe riga. Na ce a raina tafiya zai yi, kuma da ya tafi da hakkinsa ne.

Ya zo har gabana. Ya zare ɗan soson daga hannuna ya jefa a kafaɗa. Ya kama haɓata ya buɗe mini baki ya leƙa haƙorana, ya daki ƙwaurina ya ɗaga ƙafata ya duba tafin, ya zagaya ni yana taɓa haƙarƙari, duk yadda yake yi wa dabba. Sannan ya dafa ƙirji ya juya wajen jama'a.

"Amana zan faɗa muku. Wannan ba ya ɗaukar kaya, ba ya jan guga, ba ya ba da nono. Ci kawai, da warin gam. Tare da wata jaka gurguwa muka gaje shi. Jakar ta mutu, shi ya ƙi. Wa zai taya?"

"Ko kyauta ba na so," in ji Agali daga inuwa.

"Kun ji wanda ya san dabba," in ji Ilu.

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ni ma ina yi. Agali ya yi wa wani cikin mutanensa magana da yarensu, mutumin ya tashi ya kwance wata farar taguwa daga turken maƙwabci, ya jawo ta, ya sa igiyar a hannun Ilu. Kafin la'asar turken ya cika rabi.

Da kasuwa ta watse muka kama hanyar gida, yana gaba ina baya ɗauke da buzunsa da butarsa, don ya ce aikina ke nan. Sai da muka bar mutane ya rage tafiya. Ya ce kada in ɗauka dariyar nan ta mayar da komai. Ya kira mini sunan gidaje biyu. Ya ce waɗannan sun riga sun ba wani amanarsu, sun ci gishirinsa, ba za su kwance ba, kuma shi ba zai so su kwance ba, don ba a yi wa dillali haka. Ya ce ubansa ya bar masa su, shi ba zai bar wa ƴaƴansa su ba. Ya faɗa sau ɗaya, ba da ɗaga murya ba, ya ce kada in ƙara yi masa maganar, kuma ban ƙara ba sai yau da nake rubuta muku.

Na koma Tanut na kafa sabuwar rumfa a bayan tasha, inda ba kowa yake gani ba, na fara daga farko. Ina yin ƴan soso har gobe, ana kuma kwafar nawa har gobe, ban hana kowa ba, don ban ga yadda zan hana abin da ni ma na yi ba. Abin da dai ba na yi shi ne ɗora fuskar mai rai a kan takarda. An zo mini da hoton maigari, an zo da na ɗan siyasa, an zo da na uwar miji. Nakan ba su kura ko bunsuru.

Idan kun je kasuwar Belbeji, ku duba turken da ke gabas da na Baba Ilu. Za ku ga raƙuma masu kyau a ɗaure, na gidajen nan biyu ne, yanzu ƴaƴansu ne suke kawowa. Kowace kasuwa Baba Ilu yakan tashi ya je ya gaishe su, ya tambaye su ruwa da ciyawa, ya shafa wuyan dabbobin, ya dawo turkensa ya zauna. Ba ya duban inda nake idan yana yin haka. Ku tsaya ku dubi raƙuman nan da kyau. Ni na kai su can.